Hannunki a Kafaɗar Sa'adu

Zuwa ga Kulu,

Sallama a gare ki, da fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba ta da inda za ta. Ko kina raye ma ba boko kinka yi ba, sai dai in karanta miki, in tsallake wurin da ba na so ki ji, kamar yadda nake yi da wasiƙun yara can da. Yau babu abin da zan tsallake. Biron na kuɓucewa, amma zan kai ƙarshe.

Ina nan Goronyo, a ɗakin da kinka bar ni. Ƙafafun sun ƙara nauyi, idon hagu ya kusa rufewa. Matar tela maƙwabcinmu ce ke aiko mini da tuwo, Allah ya saka mata, sai dai miyarta ba ta jin daddawa. Abokan zamana na ƙofar masallaci sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, yanzu in na fita da hantsi ni da inuwar bango ne. 'Yarmu Rakiya tana Shinaka da mijinta. Sun daina zuwa gonar nesa saboda 'yan bindiga, in ta kira ni a waya muryarta ƙasa-ƙasa take, kamar akwai mai saurare a bayan danga. Albasa ta yi kyau bana, masu kai ta kasuwa ne ke tsoron hanya. Labarin gari ke nan, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Maganar ɗanki ce na fari. Zan rubuta sunansa, Sa'adu, tunda ba kya nan balle ki sunkuyar da kai ki bar mini ɗakin. Duk zamanmu sai dai ki ce wancan, ko yaron gidan nan, ko ɗan Malam. Danginki na Kagara suna yabon ki da wannan, wai ba a taɓa ganin mai kunyar ɗan fari irin ki ba. Ni kuwa ɗan boko, na yi makaranta, ina da agogo da keke, sai na riƙa kiran sunansa da ƙarfi a tsakar gida, in ɗora shi a gaban keke in zaga da shi bakin kanal ɗin ban ruwa, don a san ni na waye.

Kin tuna hoton nan guda ɗaya da munka taɓa ɗauka? Lokacin ana ginin dam, ba a daɗe da mayar da ni nan daga Wurno ba, gari ya cika da baƙi, wani mai hoto ya kafa kyamararsa mai ƙafa uku a gefen kasuwa. Sai da na yi kwana uku ina lallashin ki. Na zauna a kujera a tsakiya, na jawo hannun riga don agogo ya fito. Ke kina tsaye a damana, Rakiya a goye, kanta kawai ya leƙo. Sa'adu yana haguna da kayan makaranta. Mai hoton ya ce ki matso, kinka ƙi. Ya ce to ki dafa bayan kujerar don kada ki yi kamar baƙuwa. Kinka dafa da 'yan yatsu, kina kallon ƙasa kaɗan.

Shekarar da ruwa ya shiga Kagara, bayan na aje aiki mun koma can muna noman gonar mahaifinki, hoton yana jikin bangon da ya faɗi. Da munka tono shi daga laka, ya manne da gilashin. Kin ce in bari ya bushe. Ban bari ba. Yaushe na taɓa bari? Na ɗaga shi da farce, tsakiyar ta biyo gilashin. Ni duka na tafi, daga hula har gwiwa, sai bakin takalmina da ƙafar kujera da ɗan katakon da kinka dafa sunka rage. Ke kina gefe, shi yana gefe, tsakaninku farin fili mai dabbare-dabbaren laka. Na sa shi cikin wani tsohon littafi, ban sake buɗewa ba har kinka rasu.

Watan jiya Sa'adu ya zo duba ni, yana neman takardar asibitina, sai hoton ya faɗo. Ya daɗe a tsugune yana kallonsa. Mutum ne yanzu mai furfura, Kulu, yana da jika. Ya ce akwai masu gyara irin wannan da kwamfuta a Sakkwato, kuma sai na je da kaina, don ni kaɗai na rage wanda zai faɗi yadda abin yake. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata. An daɗe ba a nemi sanina a kan komai ba.

Mai shagon magidanci ne mai fara'a, Baba Malam yake ce mini. Ya kifa hoton a wata na'ura mai murfi, wani haske ya ratsa ta ƙarƙashi, sai ga ki a allon kwamfuta. Ya riƙa jawo fuskarki kusa har idonki ɗaya ya kai girman faifai. Ban taɓa kallon idonki haka ba, ko a daren farko ba ki bari ba. Ya nuna mini yadda aikin yake. Inda takarda ta tsage a kumatunki, sai ya ɗebo lafiyayyar fata daga gefe ya liƙa a wurin, kaɗan-kaɗan, yana murza linzamin kwamfutar, kamar yadda muke cike tsagin kanal da siminti kafin a saki ruwa. Dabbaren laka ya goge su ɗaya-ɗaya. Gefen kallabinki da ya ɓace ya kwaikwayo daga ɗaya gefen. Ban ga laifin wannan ba. Gyara ne, na san gyara.

Sai ya zo sa launi, ya tambaye ni wane irin zane kinka ɗaura ran nan. Na tuna rigata sarai, ruwan ƙasa ce mai aikin zare fari a wuya, rigar da ba ta ma cikin hoton yanzu. Naki na manta. Sa'adu ne daga bayana ya ce shuɗi ne mai zanen ganye rawaya, kuma akwai wurin da wuta ta taɓa lasa a gefen ƙasa, kina juya shi ciki. Mai shagon ya yi dariya ya ce lallai Alhaji ɗan gatan inna ne. Yaron da ba a kallo, ashe shi yana kallo. Daga nesa ya haddace ki har bakin zane.

Da anka zo tsakiya, mai shagon ya ce nan kam babu abin da za a ɗebo a liƙa. Ya ce manhajar kwamfutar tana iya ƙera mutum, a ba ta hotona na yanzu ta mayar da ni matashi, ta sa mini riga da hula, ta zaunar da ni a kujera, babu mai ganewa. Na ce ba na son jikin aro. Na faɗa da izza, irin wadda kinka sani. Na ce na gaji, a kai ni in kwanta. Na bar su su biyu a gaban allon.

Bayan mako guda Sa'adu ya iso Goronyo da abu a naɗe cikin tawul, ya riƙe shi da hannu biyu kamar jariri. Ya buɗe a gabana.

Sun cire filin, Kulu. Sun jawo gefenki da gefensa sun haɗe. Babu kujera, babu bakin takalmi, babu alamar an taɓa zama a wurin. Hannunki da ke kan katako, sun goge katakon, yatsunki sun sauka a kafaɗarsa daidai kamar can anka ajiye su. Kallon ƙasan nan da kike yi don kunyar mai hoto, yanzu kansa kike kallo. Uwa ce da 'ya'yanta biyu, ɗaya a baya, ɗaya a hannu. Aikin ya yi kyau ƙwarai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na kawo shi kusa da idon da ke gani, na nemi ɗinkin, ban samu ba.

Ya fara ba ni haƙuri tun ban ce komai ba. Wai ni hotunana sun cika wayoyin jikoki, kowane suna da kowane aure ina ciki, ke kuwa wannan kaɗai ne. Wai tunda na ƙi jikin aro, bai ga amfanin barin rami ba. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce a hanya sai da ya tsaya a Achida ya sake buɗe tawul ɗin, don bai taɓa sanin yadda hannun Inna yake a jikinsa ba, yanzu ko ba komai yaransa za su ga kakarsu ta taɓa riƙe shi.

Kin san mi na ce masa? Na ce ƙarya ce. Na ce wannan hannun katako ya dafa, kuma katakon ma sai da anka roƙe ki. Na ce tun da anka yaye shi ba ki taɓa taɓa shi a gaban mutane ba, ran hoton ma kin tsaya iya nisan da mai hoto ya yarda. Na ce ya je ya sa inji ya ƙera masa uwa, ya kori ubansa da ransa, to ya rataya a falonsa ya yi ta yaudarar baƙi, ni kada ya bar mini shi a ɗaki. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Na zaɓo gaskiyar da ke yanka na ba shi, na riƙe sauran.

Ya naɗe hoton, ya ce Allah ya huci zuciyar Baba, ya sa takalmi. Tuwon da matar tela ta ƙaro dominsa nan ya kwana. Mako uku ke nan ban ji muryarsa ba, matarsa ce ke kira ta tambayi jikina.

Mutane za su ce cire ni da anka yi ne ya ƙona mini rai. Ni ma haka na gaya wa kaina kwana biyu. Amma ina zaune ni kaɗai, wa zan yaudara? Abin da na gani a hoton nan na kasa jurewa shi ne, injin da bai san mu ba ya faɗi abin da na ɓoye shekara da shekaru.

Ki koma da ni Wurno, lokacin ina malamin ruwa a filin noman rani, Sa'adu bai wuce shekara biyar ba. Kin san ƙa'idar aikin. In za a buɗe ƙofar ruwa, sai an tura lebura ya bi kanal tun daga sama har ƙasa yana kaɗa galan yana shelar ruwa na tafe, saboda in an rufe ƙofa akwai kududdufan da ke saura a ciki, mata na wanki, yara na kamun 'yan kifaye. Sai ya dawo ya ce hanya ta yi fili, sannan in murɗa ƙarfen buɗe ƙofar. Ran nan babban jami'i zai zo daga Sakkwato duba aiki. Leburan ya tafi jana'iza Sisawa bai dawo ba. Ni kuwa ina so baƙon ya iso ya tarar ruwa na gudu cikin shinkafa, ya rubuta sunana. Na duba agogo. Na ce da hantsi haka wa zai kasance a ciki? Na murɗa.

Na hau keke na bi ruwan, ina jin daɗin yadda yake tura ciyawa a gabansa. Can wajen lanƙwasar da ke kusa da gidajenmu na ji mace na kiran Sa'adu, Sa'adu, da wata irin murya. Ban gane ki ba. Ta yaya zan gane, ban taɓa jin sunan a bakinki ba? Da na iso, kina cikin ruwa har ƙirji, ke da ba ki iya iyo ba, hannu ɗaya ya kama bakin siminti, ɗayan ya damƙi wuyan rigarsa. Ban san da wane ƙarfi kinka jefo shi sama ba. Kinka fito da rarrafe, kinka kifa shi a cinyarki kina danna bayansa, kina kiran sunan, har ya yi tari ya amayo ruwa. Ni ina tsaye riƙe da keke. Ko takalmi ban cire ba.

Sai manoma sunka taso da gudu daga cikin shinkafa. Kina jin sawunsu kinka ajiye shi a ƙasa, kinka miƙe, kinka juya baya kina tattara wankin da ruwa bai tafi da shi ba. Ni na ɗauke shi. A hannuna ya buɗe ido, jiƙarsa ta jiƙa mini riga. Wani ya ce Malam ya ceci ɗansa, sauran sunka ɗauka. Baƙon da ya zo har hannu ya ba ni. Ban ce ni ne ba, ban kuma ce ba ni ba ne. Daga baya ma na fara cewa ni ne.

Da la'asar kina tankaɗe, ba ki ɗago ba, kinka tambaye ni ko an kaɗa galan yau. Tambaya ɗaya tak. Na ce an kaɗa, surutun mata ne ya hana ku ji. Kinka ce to. Ba a kaɗa ba, Kulu. Babu wanda ya bi kanal ran nan. Na bar ki kinka ɗauka sakacinki ne ya kusa kashe shi, kinka tafi kabari da wannan. Farcenki da siminti ya fasa bai sake fitowa daidai ba, kullum ina ganinsa in kina miƙo mini ruwa. Mai shagon ya gyara shi, ya ɗauka tsagewar takarda ce.

Ko kin sani? Wannan ke hana ni sukuni. Wataƙila kin tambayi matar leburan. Wataƙila tun ran nan kin san mijin da kike aure, kinka ci gaba da dafa masa abinci.

Sa'adu ya girma da labarin. A kowane taro sai ya ba da shi, yadda Baba ya faɗa ruwa da agogonsa. Ya sa wa ɗansa na fari sunana saboda haka. In ya ba da labarin a gabanki sai ki tashi ki shiga madafa, shi kuma ya ɗauka ko ran da ya kusa mutuwa bai dame ki ba. Da ya tafi makarantar kwana, ke kike soya ƙuli-ƙuli da daka yaji, ki ɗaure ki ajiye a bakin ƙofata ba magana, ni in kai masa in karɓi godiya. Ran da anka binne ki na ji shi yana ce wa Rakiya ita ce ta yi rashin uwa, shi bai san mi ya rasa ba. Ina zaune a tabarma ana yi mini ta'aziyya. Na ji sarai. Na ci gaba da amsa amin.

Kada ki ɗauka ke ma na wanke ki. Ina jin haushinki. Mi ya hana ki buɗe baki sau ɗaya? Ya yi aure, ya haihu, gashinsa ya fara fari, har yaushe kunyar take ƙarewa? A ciwonki na ƙarshe ya kwana uku a ƙofar ɗakinki, in ya shigo ki juya fuska bango. Mi wannan ya amfana miki? Matan Kagara da ke yabon ki sun mutu, yabon ya bi su. Da kin yi magana da kin tona mini asiri, da na sha kunyar tun ina da ƙarfin ɗaukarta. Kin yi shiru, ni kuma na samu wurin ɓuya, na zauna a tsakaninku na miƙe ƙafa, ina cin son da yake yi mini da wanda ya kamata ya yi miki. Yanzu kin tafi kin bar ni da maganar, ni kaɗai a duniya na san ta, ga ido na rufewa, ga numfashi na gajarta. In na mutu da ita, abin da zai rage wa ɗanki shi ne hoton da ubansa ya rantse masa ƙarya ne.

Jiya matarsa ta kira. Ta ce ranar Asabar zai zo ya kai ni wurin likitan ido. Yana fushi, amma ba ya barin abin da ya wajaba a kansa, halinki ne wannan. Mu biyu ne a mota, hanya kuma da tsawo. In mun kai mararrabar Wurno zan ce ya karya. Kanal ɗin yana nan, yashi ya cinye rabinsa, amma zan gane lanƙwasar. Zan sa ya riƙe ni in sauka, in nuna masa inda kinka kama, da inda na tsaya da keke, da ƙofar da na murɗa ba a kaɗa galan ba. Ban nemi izininki ba, na san ba za ki bayar ba.

Na lissafa abin da zai biyo baya, ban ga inda zan tsira ba. Mutumin da yake zuwa Goronyo dominsa, wanda ya faɗa ruwa da agogo, babu shi, ba a taɓa yin sa ba. Zai ci gaba da sayo magani, zai kai ni asibiti, ran da na cika zai tsaya a sahun gaba. Amma na san yadda zai riƙa kallona, kuma da wannan kallon zan ƙarasa kwanakina. Ke da kike ƙarƙashin ƙasa za ki samu ɗa ranar Asabar. Ni da ke numfashi zan rasa nawa. Haka ya kamata tun farko, sai dai kada ki sa ran in ce ina murna.

Ki huta lafiya, Kulu. Allah ya haskaka makwancinki. Ni ban roƙi gafararki ba tukuna, sai na dawo daga Wurno.

Mijinki,
Halliru, tsohon malamin ruwa